Garayar da Ba Ta da Tsirkiya

Duk wanda ya shigo shafin nan yana tsammanin yau zan ba da labarin sa rana, to ya yi haƙuri tun daga nan. Na ga saƙonninku, masu cewa Allah ya kai mu, masu tambayar kalar anko. Ku ajiye maganar anko tukuna. Abin da ke tafe ba mai daɗi ba ne, kuma ni da hannuna na ɗauko shi na shigo da shi gida, ina ganin gyara nake yi.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Sabo. Gyaran janareto da injin ban ruwa nake yi a nan Wudil, rumfata tana kusa da gada, ta hannun masu kifi. Karatuna bai yi nisa ba, wanda ya ga kuskure ya rufa min asiri. Abin da ya sa mutum mai furfura a gemu yake rubutu a dandalin da 'yan mata ke zuba labaran soyayya shi ne, ba ni da inda zan faɗi maganar nan da bakina. Yarinyar 'yata ce, 'yar fari. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yi masa wasa a gaban mutane, ba ya sa baki a sha'aninsa. Tun ranar suna aka ce ta yayana ce, Alhaji Garzali, wanda muke gida ɗaya da shi, sashensa a gaba nawa a baya. Da sunansa aka sa ta makaranta, da sunansa ta gama jami'ar nan ta garinmu inda ta karanta kwamfuta. Sunanta Khaulat. Na rubuta ne don yatsa ba harshe ba ne, amma ni 'yar Alhaji nake ce mata, ita ma uwarta Fatsuma haka.

Bara, da damina ta ja baya, wani saurayi ya zo rumfata. Dogo ne siriri, da farin gilashi da wata shuɗiyar shadda da ta sha wanki. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce sunansa Mudassir, yana da situdiyo ta hanyar jami'a, janaretonsa ne yake tari. Na bi shi. Shago ne ɗan ƙarami, an manne bangonsa da soso, ga kwamfuta, ga fiyano, ga sifiku biyu. Da na gyara injin wuta ta kawo, sai ya ɗora yatsunsa a kan fiyanon don ya gwada. 'Yan uwa, wani sauti ya fito kamar ruwan farko yana ɗiga a kan tasa, ɗaya na bin ɗaya har ya gangaro. Na tsaya da sifana a hannu.

"Wannan wane irin molo ne?"

Ya yi dariya. "Haf ake ce mata, Baba. Garayar Turawa ce."

Ya nuna min hotonta a waya. Wani katako ne mai lanƙwasa, ya fi mai kaɗa shi tsayi, tsirkiya jere a jikinsa kamar zaren masaƙa. Na waiga ina neman inda ya jingine ta.

"Ba ni da ita," ya ce. "Ban taɓa ganinta da idona ba. Can ƙasarsu aka sami gwanar kaɗa ta, aka sa ta a ɗaki, ta dinga taɓa tsirkiya ɗaya bayan ɗaya ana naɗa. A hankali, a naɗa. Da ƙarfi, a naɗa. Sai aka zuba su a kwamfuta, kowane sauti aka ba shi madanninsa. Ni kuma in na danna, sai ta amsa. Duk waƙoƙin bikin da kake jin wani abu yana gangarowa kafin amarya ta shigo, ita ce."

Na ce ikon Allah, na tattara kayana na tafi.

Ba a daɗe ba ya dawo. Wai yana da aiki a ƙauyen Achika, gidan wani tsoho mai garaya da ake kira Na-Yelwa, kuma babu wuta a can. Yana so in je in ajiye masa inji can nesa a bayan gari, in ja doguwar waya, don makirfo kada ya ɗauki ƙararsa. Muka tafi a babur ɗina, shi a baya rungume da jaka.

Abin da na gani a ɗakin tsohon nan ba zan manta ba. Mudassir ya rataye barguna a bango, ya toshe taga da tsumma, ya rufe ƙofa, ga zafi. Ya kafa makirfo a gaban garayar, ya ce, "Baba, ka taɓa ta sama kawai, a hankali, ka bar ta ta yi kuka har ta mutu da kanta." Tsoho ya taɓa. Muka yi tsit, ko numfashi ba ma so mu yi, har sautin ya ɓace. "To a sake, da ɗan ƙarfi." Ya sake. Can jaki ya yi kuka a waje, aka koma farko. Zakara ya yi cara, aka koma farko. Cikina ya yi ƙugi, Mudassir ya dube ni ta saman gilashi, aka koma farko.

Na-Yelwa ya ajiye garayar a cinya ya ce, "Ɗan nan, na yi wa mafarauta kiɗa sun shiga daji ba takalmi, na yi wa mata kiɗa sun faɗi suna birgima. Amma ban taɓa ganin wanda ya zo ya ce in yi masa tsintar gero da tsirkiya ba. Wannan ai ba kiɗa ba ne, jinya ce."

"Ka yi haƙuri, Baba. In na haɗa su za ka ji."

"Ka hanzarta dai. Ni da kake gani, ƙafata ɗaya tana waje."

Garayar tana da wani ɗan ƙarfe mai zobba a ƙarshen wuyanta, duk taɓawa sai ya yi kacau. Zobe ɗaya ya tsage, shi ya sa ƙararsa take da wata 'yar shaƙewa. Mudassir ya so a cire, tsoho ya ce in aka cire to ba garayarsa ba ce. Aka bar shi. Ku riƙe maganar ƙarfen nan.

Da muka fito shan iska muna ɓare gyaɗa a gindin darbejiya, na ce masa, "Kai kuwa me ya kai ka wannan wahalar, ga ta Turawa a shirye?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Wata yarinya ce, Baba. Ta zo situdiyo a yi wa ƙawarta waƙar biki, na kaɗa mata haf ina jiran yabo. Sai ta ce da daɗi, amma kamar abincin otal ne, ba ƙanshin daddawa. Ta ce su da suka naɗi tasu kai biyu gare su? Ina tamu garayar? Ita ta nuna min yadda kwamfuta za ta ɗaga sautin ta kuma sauke shi har ya cika fiyano, tsirkiya biyu ta yi gudu kamar mai arba'in. In na gama, sunanta zan sa masa."

"Wace ce haka mai baki?"

"Khaulat Garzali. 'Yar Alhaji Garzali mai taki. Ko ka san gidan?"

Na ajiye gyaɗar da ke hannuna. Na ce na san gidan. Ya dinga zuba, wai in tana dariya takan rufe baki da gefen mayafi, wai ba ta shan shayi sai da citta, wai in ta yi fushi Turanci take yi. Abubuwan da ni ubanta na sani daga nesa, ban taɓa samun wanda zan yi hirarsu da shi ba. Ban gaya masa ni na haife ta ba. Na dai yi ta kallon gonar dawa, ina jin wani sanyi a ƙirjina.

Ranar da manyansa suka kawo kayan na gani ina so, ya biyo baya don gaisuwa. Aka ce masa ga Alhaji, ga kuma ƙaninsa wanda ya haife ta. Ya ɗago kai muka haɗa ido. Wallahi na ga gilashin yaron nan yana rawa a hancinsa. Bai iya ƙarasa gaisuwar ba, takalminsa ma a hannu ya fita da shi. Da na shiga ciki na tarar da 'yar Alhaji a bakin murhu, ta ci kwalliya da atamfa ruwan ganye, tana dariya har da hawaye, ya riga ya turo mata saƙo. Ta karanta wa uwarta da ƙarfi don in ji: "Ki haƙa min rami in shiga. Mutumin da na cika wa kunne da zancenki a Achika ashe Baba ne." Na wuce ɗaki kamar ban ji ba. Sai da na rufe ƙofa na yi tawa dariyar.

Nan na tsaya muku wancan karon. To ga abin da ya biyo baya.

Kafin a sa rana Yaya ya tura bincike, kamar yadda kowane uba zai yi. Gidan su yaron ba abin kushewa, ubansa malamin firamare ne da ya yi ritaya. Sana'ar kiɗan ce ta ɗan tsaya wa Yaya a rai, amma aka ce masa ba roƙo yake yi ba, aikin kwamfuta ne. Har ya sauko. Sai yayarmu Hansai ta zo. Ita ce babbarmu duka, a Achika ta yi aure, can take zaune. Ko mayafi ba ta cire ba ta sa aka kira mu soro.

"Garzali, yaron da za ka ba 'yarka, ka san inda ya dinga wuni? Gidan Na-Yelwa. Na-Yelwa mai kiɗan bori, wanda Allah ya yi wa rasuwa kafin azumi. Duk Achika an gan shi. Ya shiga ya toshe taga, ya lulluɓe bango da bargo, su kulle kansu. Ba a jin kiɗa, sai tsirkiya ɗaya, ƙwal, sai shiru. Can kuma ƙwal, sai shiru. Kowa ya san wannan kira ne. Ana kira ana jiran amsa."

Yaya ya dafe gemu.

"Kuma ka dubi yarinyar," ta ci gaba. "Tun da na shigo abin jin waƙar nan yake toshe a kunnenta. Tana tankaɗe tana murmushi ita kaɗai. Yarinyar da ta kori ɗan kwamishina, ta kori likita, sai makaɗi? An yi mata asiri, ta kunne aka shiga."

A nan ya kamata in yi shiru. Haka aka saba, haka na yi shekara da shekaru. Amma na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Yaya Hansai, ba haka ba ne. Ina wurin."

Suka juyo gaba ɗaya.

"Kana ina?" in ji Hansai.

"A ɗakin. Ni na kai masa wuta. Naɗar sauti suke yi, bargon don ƙara ne, shirun kuma..."

"Sabo," Yaya ya katse ni a hankali, "yau kai ne kake magana a kan yarinyar nan?"

Hansai ta tafa hannu tana salati. "Ka gani ko? Mutumin da ko sunanta bai taɓa faɗa ba. Shi ma ya shiga ɗakin, shi ma an kama shi."

Kunya ta rufe ni, amma tunda na riga na jiƙe sai na ce bari in yi wankan gaba ɗaya. Na roƙi Yaya ya bari yaron ya zo da kayansa ya nuna musu da idonsu. A tunanina, wanda ya ga waya da madanni da sifika, ya ga aikin hannu ne irin nawa, zai huce. Yaya ya ce to, ya zo bayan la'asar.

Mudassir ya zo cikin farar shadda sabuwa da hula zanna, ya shimfiɗa kayansa a kan tabarmar soro. Yaya yana kan kujerarsa da carbi, Hansai a bakin ƙofar ciki, mata sun taru a bayan labule. Na hango gefen mayafin 'yar Alhaji, ruwan hoda.

Ya fara da ta Turawa. Sautin ya gangaro, Yaya ya gyaɗa kai, ya ce wannan ai yana jin irinsa a rediyo. Na ji daɗi. Sai Mudassir ya taɓa wani wuri a kwamfutar, ya ce, "Wannan kuma ita ce tamu." Ya danna madanni ɗaya.

Ƙwal. Da kacau ɗin nan mai shaƙewa a bayansa.

Hansai ta miƙe tsaye. "Garayar Na-Yelwa ce. Wallahi ita ce. Ga tsagaggen zobensa nan. Ai an ce da ya mutu 'ya'yansa sun ƙone ta."

"Yaya Hansai," na ce, "mawaƙa nawa suka mutu muke jin su a rediyo?"

"Rediyo abin da mamaci ya yi da ransa take maimaitawa."

Yaya ya ɗaga mata hannu. Ya dubi yaron ya ce, "Ina tambaya. Abin nan, kiɗan da tsohon ya yi ne kawai a ciki, ko zai iya yin wanda bai taɓa yi ba?"

'Yan uwa, da na san inda tambayar ta nufa da na taka wayar wutar na cire. Shi kuwa yaro, an taɓo abin da yake alfahari da shi, fuskarsa ta washe.

"Komai zai yi, Alhaji. Duk abin da aka ce. Ka ga wannan, jiya na tsara shi."

Ya ɗora hannu biyu. Garayar Na-Yelwa ta tashi tana gudu daga ƙasa zuwa sama kamar ta Turawan nan, abin da yatsun mutum ba za su iya a tsirkiya biyu ba, ga kacau ɗin yana binta. Ban taɓa jin abu mai daɗi da ban tausayi irinsa ba. Na tuna tsohon yana cewa ƙafarsa ɗaya tana waje, idona ya kawo ruwa. Da na share na duba, Hansai ta toshe kunne tana a'uziyya, matan bayan labule sun watse, wata har da yar da takalmi. Yaya ya daina jan carbi.

"Kashe," ya ce.

Yaro ya kashe. Yaya ya ci gaba.

"Mutum yana kabari, garayarsa ta zama toka, kai kuma kana sa shi sabon kiɗa a cikin akwati. Ni ba malami ba ne, ban ce tsafi ne ba, ban ce ba shi ba ne. Amma 'yata ba za ta kwana gida ɗaya da wannan abin ba. In kana sonta, ka goge shi a gabana, duk inda ka ajiye shi, ka rantse babu saura. In ka yi, a sa rana. In ba za ka iya ba, kayanku suna nan yadda aka kawo su."

Mudassir ya dube ni. Ni kuma na dubi tabarma, don na riga na yi maganar da ta fi ƙarfina, ga inda ta kai mu. Yaron ya ce a ba shi zuwa Juma'a.

A kwanakin nan gidan ya zama kamar gidan makoki. Fatsuma ta ce min yarinyar ta tura masa saƙo: "Kada ka goge. In ka goge ka amsa laifin da ba ka yi ba." Shi kuma ya amsa: "Sauti ne, Khaulat. Ke kuma ke ce. Zan iya rayuwa ba shi." Ta rubuta: "Ba ka gane ba." Daga nan ba ta ƙara ba.

Ran Juma'a, gari ya cika da motocin shanu saboda kasuwar Kara, ya iso bayan an sauko daga masallaci. Idonsa ya faɗa. Ya buɗe kwamfutar a gaban Yaya da Hansai da wasu dattawa biyu, ya nuna musu jerin sautukan, ya ce ga su nan, aikin wata da watanni. Sunan da ya sa wa abin yana sama, na gan shi, sunanta ne. Ya danna, kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Ya ciro wani ɗan filashi daga aljihu ya ce nan ma akwai, ya miƙo min. Ni aka sa na ɗora shi a kan dutse na buga masa guduma. Sannan ya danna madannin fiyano, ba abin da ya fito sai ƙarar roba. Ya yi rantsuwa. Dattawa suka ce alhamdulillahi, yaro ya yi biyayya, Yaya ya ce manyansa su zo a tsayar da rana.

Na shiga ciki ina cewa a raina, to, an yi hasara amma an tsira da babban. Na sami 'yar Alhaji zaune a kan turmi a bayan ɗakin girki, da wata tsohuwar doguwar riga, ba ɗankwali sosai, ba kwalli. Na tsaya daga nesa kamar yadda na saba, na yi kamar da uwarta nake.

"A gaya wa 'yar Alhaji an daidaita."

"Baba."

Ba ta taɓa tare ni da magana haka ba. Na tsaya.

"Baba, kai ka shiga ɗakin nan. Ka ga wani abu ban da tsoho da makirfo?"

"Ban gani ba."

"To yanzu duk Wudil da Achika za a ce da gaske ne, tunda ya goge. Wa yake goge abin da ba komai a cikinsa? Gwaggo ta riga ta faɗa a tsakar gida, wai yanzu za a ga gaskiya. In na ce har yanzu ina sonsa, za ta ce bai goge duka ba, akwai saura a wani wuri. In na ce na fasa, za ta ce kun gani, asiri ya karye. Ta ina zan fita, Baba? Duk abin da na faɗa ba nawa ba ne. Ni da hankalina na zaɓe shi, ni na ce ya je Achika. Yanzu ko ɗa na haifa masa, sai an ce na garaya ne."

Ta ci gaba. "Kuma tsohon nan ya ce masa ya hanzarta. Bai ma ji an haɗa ba ya rasu. Abin da ya rage nasa a duniya ke nan, kuka sa masa guduma."

Ba ta ce ni ba, amma ni na riƙe gudumar. Ban san lokacin da na matsa kusa ba. Na ji bakina ya ce, "Khaulat." Fatsuma da ke bakin murhu ta saki muciya. Ita kuwa yarinyar ta ɗago ta dube ni kamar wani baƙo ne ya shigo, sai ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kukan da ban ji irinsa ba tun tana goye. Na tsaya a kanta da hannuwana masu baƙin mai, ban san yadda uba yake rarrashin 'yarsa ba, don ban taɓa koya ba.

Da ta yi shiru sai ta zare iyafis ɗin da take sawa a kunne daga wuyanta, ta naɗe shi a jikin wayar, ta miƙo min da hannu biyu.

"Ka riƙe min. Kiɗan da ya yi a soro yana ciki, tun kafin ya zo ya turo min. Shi kaɗai ya saura, ya manta da shi da zai rantse. In Gwaggo ta sani za ta ce ga saurar nan. Ni kuma ba zan iya gogewa ba, ba zan iya ji ba."

Wayar tana aljihuna yanzu da nake rubutun nan a rumfa. Ban san lambar buɗe ta ba, amma saƙon Mudassir in ya shigo yakan fito a fuskarta. Jiya: "Don Allah ki ce wani abu." Da hantsi: "Su Abba suna tambaya yaushe za su zo." Ɗazu, ina cikin kwance wani injin ban ruwa, ta yi motsi: "Na ɗauka ke na zaɓa. In na yi kuskure ki faɗa min da bakinki." Ya wuce ta gaban rumfata sau ɗaya a kan babur, ya rage gudu, ya ɗaga hannu, bai tsaya ba. Ya rame.

A gida kuwa Hansai ta ƙi komawa Achika. Ta shimfiɗa tabarmarta a inda take hango ƙofar ɗakin yarinyar, tana lura da loma nawa ta ci, ko ta yi murmushi, ko ta yi tsaki. Yaya tun ranar nan bai ƙara ce min komai ba ban da gaisuwa, sai jiya da ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tunda ka iya magana a kanta, ka tambaye ta ranar da take so." Na tambaya. Ta ce, "Duk abin da Baffa ya yanke." Ta ci gaba da tsince shinkafa. Wannan ba amsar yarinyar da ta ce wa makaɗi kiɗansa ba daddawa ba ce.

Wasunku za su ce in kai wayar wurin Yaya, kada rantsuwar yaro ta zama ƙarya. Wasu za su ce in jefa ta kogi, gada ga ta nan kusa. Na ɗauko ta na ajiye ya fi a ƙirga. Ni dai na san babu aljani a cikinta, tsoho ne da jaki da zakara da ƙugin cikina, da yaron da ya so ya burge 'yata.

Manyan Mudassir sun aiko cewa suna tafe ran Lahadi. Ban sani ba ko za ta fito ta ce ta yarda. In ma ta ce, ban sani ba ko don tana sonsa ne har yanzu, ko don ta gaji. Kuma ban san abin da zan yi da wayar nan ba.